Na'urar Da Ta Ƙi Barci

Gidanmu na maƙale a gefen tudun Valparaíso
kamar ƙwarya a bakin rijiya.
Ta taga ina hango jiragen ruwa,
irin waɗanda na yi shekara talatin ina sauke wa kaya.
Hango ya kai teku,
amma sigina ta kasa hawa matakala goma sha huɗu
zuwa ɗakin ɗinkin Leontina.

Kwamfutar nan tsohuwa ce, sa'ar tabarau ɗina.
Kowane dare in ce mata: kwanta.
Ta ce to.
Allo ya yi shuɗi, 'yan ɗige-ɗige su yi ta kewaya
kamar akuya a turke,
can sai ta rubuto: akwai aikin da bai ƙare ba.
Wane aiki? Ta yi gum.
Ni kuwa in danne maɓalli da babban yatsa
har fankarta ta ɗauke numfashi,
in tashi da nauyin zuciya
kamar wanda ya toshe wa majinyaci baki.

Sai cikinta ya soma ƙas, ƙas, ƙas.
Maƙwabcina Evaristo, masanin komai ban da biyan bashi,
ya ce gishirin teku ne,
ya ce a'a, girgizar ƙasar bara ce,
ya ce a kwantar da ita a firji.
Na ba shi shayi, na raka shi ƙofa.

Ran Asabar jikata Maite ta hawo tudu tana haki,
da sukundireba a aljihu
da sabon rumbun ajiya, bai kai tafin hannuna ba.
Ta kwance kusoshi huɗu, ta jera su a faranti,
ta busa ƙurar shekara tara, muka yi atishawa tare.
Kaka, in ji ta, tsohon yana gargara.
Bari mu kwashe kayansa kafin ya cika.

Awa uku ana jigila.
Hotunan aure, takardun fansho,
muryar Leontina tana dariyar wani abin da na manta.
Ban taɓa sauke jirgi mai nauyin wannan ba,
ga shi ko gumi ban yi ba.

Na ce to, an gama. Na danna: kwanta.
Ɗige-ɗigen suka dawo.
Sabon rumbu, tsohon taurin kai.

Maite ta ciji leɓe. Ta bi kebur da yatsa
ta bayan kabad, ta ƙarƙashin tabarma,
har inda ɓera ya yi kalaci da shi.
Ta yanke, ta haɗa, ta kashe akwatin intanet,
muka ƙirga talatin, ta kunna.
Ja. Ja. Ruwan lemo. Kore.

Sai muka ji motsi a sama,
a ɗakin da ban buɗe ba tun ranar da aka kai ta.
Tari, sannan gurnani, sannan jan takarda.
Firinta ce ta farka.
Shekara biyu saƙo na tsaye a bakin ƙofa
yana jiran a ce masa shigo.

Maite ta sauko da shi, da ɗuminsa:

albasa, kifi rabin kilo,
zare baƙi,
maganin hawan jinin Aurelio, kada ya ce ya sha alhali bai sha ba,
a kira mai gyaran rufi kafin ruwa.

Shi ke nan. Ko sa hannu babu.

Daren nan na danna maɓalli.
Ba gardama, ba kewaye-kewaye.
Ƙiftawar ido, allo ya yi baƙi,
na ga fuskata a ciki.
Na jima zaune.
Da na sani, da na bar mata aikinta.

Gobe zan kira mai rufin.
Ya dade yana yoyo.